Ranar da Muka Ɓanɓare Daɓen Layinmu

Shekara uku muka yi muna wahala da filin nan na bayan tashar bas. Ni da Geertje Hulshof muka fara, daga baya mutum tara suka shigo. Geertje tsohuwar ungozoma ce, shekararta saba'in da ɗaya. Rabin mutanen layinmu ita ta karɓi haihuwarsu, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa. Ni kuwa direbar bas ce da na ajiye aiki, abin da na iya shi ne tura baro da gasa kek ɗin tuffa.

Da kek ɗin muka sayi iri. Duk Asabar muna kafa tebur a kasuwa kusa da mai cuku, muna sayarwa yanka-yanka da kofi. Geertje ta ƙi furen kanti, ta ce sai na ƙasarmu, irin waɗanda ke fitowa a bakin gonaki kafin magani ya cinye su. A shekara ta uku filin ya amsa. Shuɗi, ja, rawaya, har gwiwa. In ka tsaya jiran bas, gunjin ƙudan zuma kake ji, malam-buɗe-littafi na sauka a hannun kekenka.

Wata Talata a ƙarshen Yuli na fito sayen burodi na tarar an aske filin ƙwal. Mai injin yankan ciyawa yana zaune yana cin burodinsa da cuku. Ina tsaye sai ga Geertje a kan kekenta.

"Kai, wa ya aiko ka?" in ji ta.

"Takarda aka ba ni, Uwargida. An ce an kai ƙara, ciyawa ta yi yawa."

"Ciyawa? Da idonka ka ga ciyawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ma sai da na ji ba daɗi."

"To gama cin abincinka. Amma kar ka kwashe ko tsinke ɗaya, namu ne."

Ranar muka yini muna tattara abin da aka yanke, muka shanya a garejina. Geertje ta ce wasu sun riga sun yi ƙwaya, ba duka aka kashe ba.

Wanda ya kai ƙarar bai ɓoye ba. Bertus Roelofs ne, shugaban kwamitin unguwa, mutumin da ke wanke daɓen ƙofar gidansa da buroshi duk Juma'a. A taron da aka kira ya miƙe ya ce unguwa mai mutunci ba ta zama da jeji a bakin titi, kuma filin na hukuma ne.

"Na yarda, maƙwabci, filin na hukuma ne," in ji Geertje. "Ƙofar gidana fa, ta wa ce?"

"Me ya kawo zancen ƙofar gidanki?"

"Za ka gani."

Ashe ta karanta dokar garin tun daga farko har ƙarshe. Doka ta ba kowane mai gida damar cire jeri ɗaya na daɓen siminti da ke manne da bangonsa ya shuka abin da ya ga dama, muddin ya bar hanyar da keken guragu zai wuce.

Asabar ɗin da ta biyo muka koma kasuwa. Geertje ta liƙa hoto biyu a gaban tebur, filin kafin Talata da filin bayan Talata, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Kafin sha ɗaya kek ya ƙare. Mutane suka ci gaba da jefa yuro a gwangwani ba su karɓi komai ba. Mai cuku ya ce shi ba ya son fure, amma ya fi ƙin Roelofs, ya ba mu aron motarsa ta ɗauko ƙasa.

A watan Satumba muka fito da dogon ƙarfe da shebur. Daga gidana muka fara. Daɓen farko ya ƙi tashi, sai da muka hau kan ƙarfen mu biyu, ni da Geertje, sannan ya ɗaga. Ƙasan rairayi ne zalla, ko tana ɗaya babu. Muka kwashe, muka zuba baƙar ƙasa, muka yafa irin da muka sussuke a gareji. Kafin azahar mun yi gida shida, mutane na leƙowa ta taga suna kiran a zo nasu.

Sai ga Roelofs da igiyar awo a hannu. Ya durƙusa a ƙofar Geertje yana auna hanyar da ta rage.

"Auna da kyau, Bertus," ta ce masa. "Ni na auna ɗanka ranar da aka haife shi, ban yi kuskure ba. A nan zan yi?"

Ya auna sau biyu. Ya matsa gida na gaba ya auna, ya auna nawa. Ya naɗe igiyar awonsa.

"Zan rubuta takarda," in ji shi.

"Rubuta. In biro ya ƙare ka zo ka ara."

Ya rubuta kuwa, har sau uku. Aka turo wata ma'aikaciya ta zo ta duba, ta ce ba mu karya doka ba, ta sha kofi ta tafi.

Filin bayan tasha dai ba mu same shi ba. Har yau ana aske shi sau biyu a wata, duk shekara Geertje tana neman a dawo mana da shi, duk shekara ana ƙi. Amma da bazara ta zagayo gida goma sha huɗu suka yi fure a layinmu, sai ka ratsa ƙudan zuma kafin ka sa makulli a ƙofarka. Roelofs ya daina gaishe mu.

Makon jiya wata mata daga layin bayan coci ta buga mini ƙofa, ta ce su gida biyar ne suka shirya, amma ba su san ta inda ake farawa ba. Na kira Geertje a waya. Gwiwarta na damunta yanzu, likita ya hana ta ɗaukar nauyi.

"Ce musu Asabar da ƙarfe tara," in ji ta. "Ki kawo mini kujera, ni zan nuna, ku ku ɗaga."