Ayar da Iya Tela Ba Ta Goge Ba

"Mama, in mutum ya yi fushi sosai, mutuwa yake yi?"

Maman Aku tana tsugune tana cuɗa rigar makaranta a baho. Hannunta ya tsaya cikin kumfa. Kwana huɗu ke nan da binne Iya Tela, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe a gidan hayarsu, kuma kwana huɗu ke nan yarinyar da aka laƙaba wa Aku saboda surutu ba ta haɗa kalma biyar ba. Abinci sai da lallashi. Uwar kuwa kanta take zargi, don ita ta bar 'yar shekara shida wurin tsohuwar ta tafi kasuwa, ta dawo ta tarar da mutane cike a ƙofa.

"Wa ya yi fushi?"

"Iya. Ta ce in na kawo ayar daidai za ta goge. Na faɗa har ƙarshe, na juyo, ba ta goge ba. Ta rufe ido ta ƙi kula ni. Kuskure na yi."

Iya Tela sai da ta haura sittin ta koyi karatu, kuma tun daga nan ba ta bar kowa ya huta ba. Rubutun Littafi Mai Tsarki ya yi wa idonta ƙanana, saboda haka duk mako takan ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta kwafe aya ɗaya da manyan baƙaƙe a bangon da ke fuskantar keken ɗinkinta. Tana taka keke tana maimaitawa. Ranar da ayar ta zauna mata a ka, sai ta jiƙa tsumma ta goge, tana dariya har da tafi.

"Ta shige ciki," takan ce. "Ɓarawo ya zo ya ɗauka in gani."

Da Aku ta fara leƙe, sai aka zama su biyu. Dokar ɗaya ce: a juya wa bango baya, a kawo.

Maman Aku ta buɗe baki za ta ce wa yarinyar a'a, ba ta yi kuskure ba, sai ta fasa. Ta san 'yarta, a'a kawai ba za ta ishe ta ba. Ta share hannu a zani, ta kama na yarinyar.

A ɗakin Iya suka tarar da ɗanta, direban babbar mota, yana cusa ƙyallaye a buhu. An lulluɓe keken ɗinkin. Ga bokitin fenti a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, Yaya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Ubangiji, Maman Aku. Mai gida ne ya ce a shafe ɗakin yau."

"Ɗan dakata mana tukuna."

Ayar tana nan, layi uku masu karkata, a tsakiyar wani fili da ya yi fari fat don yawan guga. Uwar ta juya yarinyar ta fuskanci ƙofa.

"Kawo. Ni zan duba."

Muryar ta fito siririya. Ayar Zabura ce, mai zancen makiyayi da ruwa mai sanyi. Maman Aku tana bin baƙaƙen da yatsa, tana roƙo a zuci kada ko kalma ɗaya ta zame. Yatsa da murya suka isa ƙarshe tare.

"Daidai ne. Ko ɗigo ba ki bari ba."

"To me ya sa ba ta goge ba?"

Direban ne ya ajiye buhun, ya laluba kan taga, ya ɗauko wani guntun atamfa da ya bushe a dunƙule.

"Ashe wannan ne. Da aka kira ni na zo, ni na zare shi daga hannunta, a ƙarƙashin zani. Jiƙe yake. Na yi ta tunanin me Iya take yi da jiƙaƙƙen tsumma tana zaune a kujera."

Aku ta karɓa ta jujjuya shi.

"Kawu, tashi za ta yi ta goge?"

"Tashi za ta yi. Ƙafa ce ta ƙi, kin san ƙafar Iya da gardama."

Yarinyar ta yi 'yar dariya. Maman Aku ta jingina da ƙofa, ta sauke numfashin da ta kwana huɗu tana riƙe da shi.

Aku ta tsoma tsumman a ruwan bahon wanki, ta dawo yana ɗiga. Direban ya ɗaga ta, ta goge layin sama, na tsakiya, na ƙasa.

"Ta shige ciki," ta ce. "Mama, yunwa nake ji."

Ke da kike karanta wannan, in kika shiga ɗakin mamaci da bokitin fenti kika ga rubutu a bango, kada ki tsoma buroshi sai kin tambayi yaran gidan. A wancan ɗakin dai, bangon ya ɗan jima da danshi kafin ya bushe.