Hagun Muntari a Kwanon Ciyayya

Wata huɗu Muntari bai fito ciyayya ba, ni kuwa abin ya hana ni zama wuri ɗaya.

A unguwarmu ta Azarori, da an sallame magariba kowane gida sai a fito da kwanon tuwo ƙofar Baba Alƙasim, dattijon unguwa, mu bakwai mu ci tare. Kwanon gidan Muntari bai taɓa fashi ba, don ni nake biyawa in karɓo wurin matarshi Zulaiha. Mai kwanon ne ya lafe a ɗaki. Nan da nan magana ta tashi, wai tun da ya je Yamai ya koyo cin abinci shi kaɗai irin na ma'aikata. Issa, wanda bakinshi ba ya da linzami, har cewa ya yi ko nama ake dafa mishi a ɓoye. Na ce in ya sake faɗi, ni da shi ne.

Ni na san abin da ke akwai, don ni na raka shi. Wani ƙari ne ya fito mishi a kafaɗar dama, da tauri kamar dutse, ya ƙanƙame naman wurin. Daga Madawa anka tura mu Tawa, daga Tawa sai Yamai. Lokotoron asibitin can ya ce ba kasafai ake ganin irinshi ba, ba ya yawo cikin jiki kamar ciwon daji, amma in an yanke sau da yawa sai ya dawo. A bar shi, a sha magani, a riƙa komawa ana aunawa.

Mutanen gari sunka ce, "Alhamdu lillahi, ashe lafiya lau ne."

Lafiya lau ɗin me? Mutum ba ya iya ɗaga hauya, ba ya kwanciya ta dama, riga sai an sa mishi. Hannun dama kuwa iyakarshi ƙirji, ba ya kai baki. Zuwanmu na biyu lokotoro ya auna, ya ce bai ƙaru ba, har da murmushi. Muntari ya ce, "To yaushe zan ci tuwo da hannuna?" Lokotoro ya ce ai akwai ɗayan. Tun daga nan har tasha ina ƙunƙuni.

Rannan na gaji, na shiga wurinshi da la'asar. Na iske shi ya kasa zama, ya jingina da bango, ya miƙe, ya koma kan turmi, ya sake miƙewa.

Na ce, "Kai, yau sai ka fito."

"Surajo, ka bar ni. Hagu fa. Hannun da nake tsarki da shi zan tsoma a kwanon Baba?"

"To ɗauki cokali."

"Don su ce da ma sun faɗa, na zama ma'aikaci?"

"Lalura ce, Muntari. Wane malami ya ce mai lalura ya zauna da yunwa?"

"Ba yunwa ke damuna ba," in ji shi. "Zaman nake kewa. Ina jiyo dariyarku daga nan."

Maganar ta sosa mini rai ƙwarai. Na fita na bi mutanen ciyayya ɗaya ɗaya, na gaya musu gaskiyar abin, ban kuma raga wa kowa ba. Na ce sun ji kunya, ɗan'uwansu na fama suna yi da shi. Issa ya sunkuyar da kai. Baba Alƙasim ya ce, "Shi zo, wurinshi na nan."

Bayan magariba sai ga shi. Ya wanke hannun da sabulu sau biyu a gaban kowa, ya zauna dab da ni. Anka yi bisimilla, ya miƙa hagu a hankali ya yanko loma. Baba bai ko ɗaga kai ba. Issa ma ya karkato mishi kwanon don miya ta gangaro wajenshi.

Ni kuma na kai hannu daidai inda yatsunshi sunka bar gurbi a tuwon, sai hannun ya tsaya. Wallahi ban sa shi ba. Ya tsaya, ya kauce, ya je can gefen Issa ya yanko. Abin bai fi ƙiftawar ido ba, amma da na ɗago, Muntari ni yake kallo.

Ya haɗiye lomarshi, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya dafa ƙasa ya tashi. Baba ya ce, "A'a, tun yanzu?" Ya ce kafaɗar ce ta motsa.

Na suri kwanon gidanshi na bi shi har gida, na yi sallama uku. Zulaiha ce ta leƙo.

"Ya kwanta," in ji ta. "Ya ce in gaya maka ya gode, ya ƙoshi."