Sunan da ban taɓa kira ba

Ni Mumuni, duk Dogarawa ba a yi tsohon da ya kai ni Ingilishi ba, kuma ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa takawa ba. Yunwa ta zo ta kwashe warina, ta bar ni tsaye. Maciji ya sare ni ga gona, shi ya mutu. Ku tambaya.

Ingilishin nan ɗan farina ya koya mini, shekarar da anka koro baƙi daga Najeriya ya dawo daga Ikko da jaka guda. Ba na malaman makaranta ba ne, na samarin titi ne. Muna ɗaurin gero shina koya mini. Wasop, wato ina labari. Cil, kwantar da hankalinka. Burok, aljihu ya bushe.

Kun san mu ba mu kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Tun haihuwarshi sai in ce "kai" ko "yaron ga". Rannan ya yi dariya ya ce, "Baba, kai ɗin nan ta ishe ni. Ka ce mai gai."

Na ce, "Mi ke nan?"

"Abokina. Mutumina."

Na ce, "Ɗan banza, ni ne abokinka?" Amma na riƙe. Uwarshi Hawa'u tana jin mu ta ce mun lalace mu biyu.

Da anka buɗe iyaka ya koma Ikko. Damana ta wuce, wata ta biyo, har munka bar lissahi. Ba saƙo, ba gawa.

Sai kalmar ta iso Ƙonni, nan kusa da mu, ga bakin yara. In na shiga tasha sai in ji "mai gai!" bayana, da muryarshi sak, har da 'yar shaƙewar nan tashi. In juya, in tarar da ɗan kamasho shina kiran wani. Har cikin gona nake jin ta, inda ba kowa sai kara.

Wata ranar Laraba anka nuna mini Labo, direban da ke kai albasa Ikko, anka ce ba ɗan ƙasarmu da bai sani ba can. Na isa na ce, "Wasop."

Ya ƙyalƙyale. "Tsoho, ina ka samo wannan?"

"Ga ɗana. Dogo ne, da tabon wuta ga hannun hagu. Ka san shi?"

"Baba, dogaye sun yi yawa Ikko. Mi sunanshi?"

Na duba dama da hagu, ba ɗan garinmu ko ɗaya da zai faɗa a madadina, ga mota an gama lodi. Ni da na ja da maciji, sai ga ni ina ja da suna guda.

"Baba, zan tashi fa."

Na ce, "Rabilu."

Labo ya bar dariya. Ya ce wa yaron mota ya kashe injin, ya kama hannuna ya kai ni inuwa, ya tsuguna gabana. Ya ce shi ma shina cikin waɗanda sunka ɗauki makararshi, zazzaɓi ne, an yi mishi sutura yadda ya kamata.

Ban yi kuka ba, ku tambayi Labo. Na tako da ƙafa har gida. Hawa'u tana daka, ta ɗago ta dube ni, ta aje taɓarya.