Cinyar Barewa a Ƙofar Baya

Kowa a layin masu yankan katako Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta, don kuwa haka ƙanenta yake kiran ta tun suna yara, sunan kuma ya bi ta. Tana da ɗan gidan abinci a ƙarshen layin, tebur huɗu a gaba, kicin a baya, a sama kuma ɗakunan da take zaune da mahaifiyarta. In ka tsaya a ƙofar kicin ɗin, kana hango inda gari ya ƙare daji ya soma.

Ƙanen nata, Bahago, maharbi ne. Shekara biyu ke nan da ya shiga dajin nan shi da abokinsa Dogo, Dogo ya dawo shi kaɗai. Ya ce a bakin rafi suka rabu, kowa ya bi nasa gefen, bai sake sa shi a ido ba. Aka yi kwana tara ana nema, ko takalminsa ba a tsinta ba. Inna ta ƙi karɓar gaisuwa. Duk wadda ta shigo mata da "Allah ya ji ƙansa," sai ta ce, "Wa ya gaya miki ya mutu? Kin ga gawa?" Tun daga nan ta daina cin nama, ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa.

Wata safiyar Talata Yaya ta buɗe ƙofar baya za ta zubar da ruwan wanke-wanke, sai ta tsaya cak da roba a hannu. Cinyar barewa ce rataye a jikin ƙusar da take maƙala tsumma, an feɗe ta tsaf, an ɗaure ƙafar da igiya. Ba ƙuda ko ɗaya a kanta. Magen maƙwabta da kullum take tsugune a bakin ƙofar tana jiran ƙashi, yau ba ta nan.

Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ba kowa, sai tarin garin katako da raɓa ta jiƙa, kuma ba sawun ƙafa a kansa.

Ta shiga da cinyar ta ɗora a kan katakon yanka, ta juya ta. A tsakiyar cinyar barewa akwai wata 'yar kaluluwa da ke ɓoye cikin kitse, wadda in aka dafa nama da ita, tukunya duka sai ta ɗauki warin daji. An tsaga wurin an cire ta. Shekara da shekaru Yaya ta yi tana yi wa Bahago mita a kan wannan. "Kai harbi kawai ka iya," take ce masa, "fiɗa kuwa ko makaho ya fi ka." Shi kuma ya yi dariya ya ce ai shi ya sa Allah ya ba shi yaya. Daga baya ya koya, ya zama ba ya kawo mata cinya sai ya cire.

Tana nan tsaye mahaucin da ke kawo mata nama kullum ya iso a kan babur. Ya ga cinyar, ya danna ta da yatsa, ya sunsuna.

"Kai, Yaya, yau kin yi mini kishiya ke nan? Wannan ai bai fi awa uku da yankawa ba. Jinin ma ya tsiyaye yadda ya kamata." Ya bi sawun wuƙar da ido. "Amma mai fiɗar nan da hannun hagu yake aiki. Dubi yadda yankan ya karkace."

Sai da maganar ta fita sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya ajiye mata namanta, ya hau babur ko sallama bai yi ba.

"Dafa mini."

Yaya ta waiwaya. Inna ce a ƙasan matakala, tana dafe da bango. Ta fi wata uku ba ta sauko ba sai an riƙe ta.

"Inna, ba mu san wanda ya kawo ba. Ba mu san wanda ya yanka ba."

"Ke ce ba ki sani ba. Dafa mini, 'yar nan, yunwa nake ji."

Shekara biyu Yaya ba ta ji wannan kalma daga bakin uwarta ba. Ta dubi wuyan tsohuwar, duk ƙashi, ta dubi cinyar. Ta jawo wuƙa.

Aikin ta san shi kamar tafin hannunta. Ta fara da kitsen, ta yanke shi kaf ta zubar, don kitsen naman daji ba irin na rago ba ne, a cikinsa ƙarnin yake kwana, kuma yana daskarewa a dasashi. Ta zura bakin wuƙa ƙarƙashin farar yanar da ke lulluɓe da tsokar, ta riƙa ɗaye ta a hankali har naman ya fito ja wur. Ta yayyanka shi manya-manya, ta zuba a ruwan sanyi da gishiri. Ruwan ya yi ja, ta zubar ta sake. Ya sake yin ja, ta sake. A karo na uku ya kamata ya yi haske, ya kuwa yi, sai dai warin bai tafi ba.

Ba ƙarnin jini take ji ba. Warin ganye ne da ruwa ya jiƙa, da hayaƙin ɗanyen itace, da gumin mutumin da ya kwana biyu bai cire riga ba. Haka kicin ɗin yake yi a da, duk ranar da Bahago ya dawo ya zauna a kan buhun albasa yana cire takalmi. Ta ji kamar in ta juya za ta gan shi a wurin. Ba ta juya ba.

Ta tsame naman ta zuba a kwano, ta kwarara masa madara mai tsami har ta rufe shi, ta ajiye a firiji. Madara tana jan sauran jinin, tana kuma sa tsoka ta yi laushi. Awa uku ta ba shi. A cikin awa ukun nan ta dafa shinkafar masu katako, ta zuba musu, ta amsa barkwancinsu, amma injinan da kullum suke cika mata kunne yau kamar daga wani gari take jin su. Wani dattijo daga cikinsu ya ɗaga hanci ya ce, "Yaya, ruwa aka yi a kicin ɗinki? Ƙamshin damina nake ji." Ta ce masa ya ci abincinsa.

Da suka watse ta fito da naman. Madarar ta koma ruwan hoda. Ta ɗauraye, ta tsane shi da tsumma mai tsabta, ta murza masa lemun tsami da citta da tafarnuwa da ɗan kanumfari. Ta sa mai ya yi zafi sosai, ta riƙa jefa yankan kaɗan-kaɗan don su soyu ta waje kada su tsatso ruwa. Sannan ta juye su a tukunya mai kauri da albasa da yawa, ta tsayar da ruwa, ta rage wuta har ya zama da ƙyar tukunyar take motsi.

Inna tana zaune a kan kujera a bakin ƙofa tun ɗazu, hannuwa a cinya, tana kallon daji.

"Inna, zan je in dawo. Sai ya yi awa biyu kafin ya nuna. Don Allah kada ki taɓa tukunyar nan sai na zo."

"Je ki abinki."

Mutum ɗaya ne ya san ƙusar nan, ya kuma san zancen kaluluwa, ban da ita da ƙanenta, shi ne Dogo. Tun da abin ya faru Dogo ya sayar da bindigarsa ya koma facin taya a bakin babban titi, kuma in ya hango Yaya daga nesa sai ya canza hanya. Ta same shi durƙushe yana nutsa tayar babur a cikin ruwa yana neman inda take yoyo.

"Dogo."

Ya ɗago, ya miƙe da sauri. "Yaya. Sannu da zuwa. Ina Inna?"

"In kyauta za ka yi mana, ka ƙwanƙwasa ƙofa kamar mutum. Me ya sa za ka rataye mana nama ka gudu? So kake tsohuwar nan ta haukace?"

Tayar ta suɓuce masa ta faɗa ruwa. Leɓensa ya yi fari.

"Ku ma?" ya ce.

"Mu ma me?"

Ya ja ta gefe, bayan tarin tsofaffin tayoyi. "Yaya, wallahi rabona da daji tun ranar. Ni ma ana kawo mini. Yau sau huɗu ke nan, duk Talata, in na buɗe ƙofa sai in tarar da ƙafar barewa ta gaba a rataye. Ban taɓa ci ba. Rami nake haƙawa a bayan gida in binne, matata ma ba ta sani ba."

"Don me za a kawo maka?"

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza ƙasa. Sannan ya zauna a kan taya ya rufe fuska.

"Ba a bakin rafi muka rabu ba. Mun haura can sama, wajen duwatsu. Na ga ciyawa tana motsi, na ga abu ja-ja, na ɗauka barewa ce, na harba. Sai na ji ƙara. Yaya, har yau ban san ko ta dabba ce ko ta mutum ba. Na je wurin na ga jini a kan dutse, na yi ta kiran sunansa, shiru. Tsoro ya kama ni, na gudo. Da aka fita nema, ni na kai mutane rafi, don kada su hau sama."

Yaya ta so ta mare shi, ta so ta yi ihu mutanen titi su taru, amma hannunta ya ƙi ɗaguwa.

"Ke kin binne naku?" ya tambaya.

"Yana kan wuta."

Suka dubi juna. Ta juya ta kama hanya, tafiya tana zama gudu, gyalenta yana zamewa.

Ta tarar da ƙofar baya a buɗe, wuta a kashe. Inna tana zaune a teburin kicin, gabanta faranti biyu, cokali biyu, kofi biyu. Duka farantan an cinye, an sha romon tas. Kujerar da ke fuskantar ta an ja ta baya kaɗan, kamar yadda mutum yake yi in ya ƙoshi ya tashi. Fuskar tsohuwar ta yi wani irin haske, goshinta da ɗan gumi.

"Inna! Ba na ce ki jira ni ba? Wa ya ci wannan?"

"Ya yi daɗi, 'yar nan. Ko ɗigon ƙarni babu. Ya ce hannunki yana nan yadda ya san shi." Ta goge baki da gefen zane. "Ya kuma ce ki gaya wa Dogo ya daina binne abinci a bayan gida, ba kyau. In yana da magana, ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Yaya ta dubi kujerar da ba kowa a kanta. Ba wanda ya riga ta zuwa daga wurin Dogo, kuma Inna ko waya ba ta riƙewa.

Da la'asar ta koma ta gaya masa saƙon, kalma da kalma. Ya rufe rumfarsa ya biyo ta. Ya durƙusa a gaban Inna ya faɗi duk abin da ya faɗa ɗazu, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Inna ta saurare shi har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Gobe ka kai su wurin," ta ce.

Washegari ya kai 'yan sanda da masu katako shida can saman duwatsu. Ƙasa da inda ya nuna akwai wani tsagi mai zurfi da ciyawa ta rufe, wanda in ba ka sani ba sai ka taka. A ciki suka same shi, da wuƙarsa a ɗaure a ƙugu ta gefen hagu. Kusa da shi akwai ƙasusuwan barewa. Likitan da ya duba ya ce a kafaɗar barewar harsashin yake, shi kuwa Bahago wuyansa ne ya karye. Ga alama dabbar ya bi da ta ji rauni, suka rufta tare. Ko ya daɗe da rai a ramin, likitan ya ce ba zai iya sani ba, kuma wannan ne abin da Dogo ya ci gaba da ɗauka a ransa.

Aka yi masa sutura ranar Alhamis. Da mata suka fara shigowa, Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙasa, tsakanin teburan cin abinci. Mace ta farko ta durƙusa tana inda-inda, don ta tuna yadda aka kore ta bara. Inna ta kama hannunta.

"Faɗi mana," ta ce. "Yanzu kam ki faɗa."

"Allah ya ji ƙansa, Inna."

"Amin," in ji tsohuwar. Sannan ta sunkuyar da kai, ta yi kukan ɗanta.