Kiwon Inna Dodo

Da likita Bature zai koma ƙasarsu, ya bar wa Yunusu, mai yin allura a asibitin Tawa, akwatin gilashi da jajayen kifaye huɗu, da gwangwanin abincinsu. Duk garin ba mai irinsu. Yunusu yakan tace musu ruwan rijiya da rawaninsa sau biyu, ya ba su abinci daidai abin da yatsu biyu suka ɗauka.

Sai aka tura shi Tebaram yin lamba, allurar rigakafi, kwana goma. Ya danƙa su ga Inna Dodo, ƙanwar uwarsa, wadda ragunanta na turke suka yi suna har Kalfu. Ya nuna mata ma'aunin yatsu biyu, ya maimaita. Ta ce ta ji.

Motar kamyo da ta ɗauki Yunusu na tashi, Inna Dodo ta zauna ta duba dabbobin. Ta ga ba mai kitse a cikinsu. Ta ce wannan rowa ce ta ƴan boko, dabba ba ta taɓa ramewa a hannunta ba. Ta zuba musu dusa tafi guda safe da yamma, ta jefa gutsuren kanwa don buɗe ciki. Rana ta uku ta ƙara harawa. Maƙwabta suka zo, suka ce a sa gishiri kuma. Aka sa.

Yunusu ya dawo ya tarar da ruwan kamar kunu. Uku sun juya ciki sama. Ɗaya na yawo a ƙasa, ya yi ƙiba har da kyar yake juyawa.

"Inna, mi kika ba su?"

"Abin da nike ba rago. Waɗannan ukun dama ba na kiwo ba ne. Dubi wancan."

Yunusu ya kwashe matattun ukun. Ya wanke gilashin, ya tace sabon ruwa, ya ɗebo abincin gwangwani da yatsu biyu. Kifin ya zo, ya duba, ya wuce. Kashegari ma haka. Rana ta huɗu cikin kifin ya fara lotsawa, shi kaɗai kuma ya rage.

Yunusu ya ɗauki ƙwarya, ya je ya tsaya wajen turke, ya yi sallama.

"Ɗan nan, dusa kake so?" in ji Inna Dodo.

"Kaɗan. Ban da kanwa."

Ta cika ƙwaryar, ta ɗora kanwar a sama.