Matoshin Jirgin Mai Tanki

Ka ga Mai Tanki, ba a yi ƙarfen da ya gagare shi ba. Bai taɓa zama a aji ba, da taƙi da kamu yake awo, amma ɗaga kai ka dubi rufin gidajen garin: duk tankin da ka ga ya tsufa bai ɗiga ba, hannunsa ne. Ya taɓa faɗowa daga bene da tanki a kafaɗa, ya tashi ya karkaɗe riga ya nemi gudumarsa. Wutar walda ta cinye masa gira, gobara ta cinye masa rumfa, sa'o'insa sun bi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, shi yana nan yana fasa ƙashi da haƙoransa. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta shakkar bakinsa, yayarsa wadda ta goye shi, wadda har yau da furfurarsa da komai Auta take ce masa.

Yayar nan ciwon baya ya naɗe ta. In aka sa ta a mota, ramin farko da taya ta faɗa sai ka ji ihunta a ƙarshen layi. Ga shi 'yarta tilo tana aure a hayin babban tafkin da ke bayan gari, ciwo ya kwantar da ita, kullum aike take a kawo mata uwarta. Hanyar mota ta zagaye tafkin, duk gargada. Kwale-kwalen masunta kuwa siriri ne, sai mai iya tsugunno.

Mai Tanki ya ce, "Yaya, ruwa ba shi da gargada. Zan ƙera miki jirgin da za ki kwanta ki miƙe ƙafa kamar kina ɗakinki."

Ta ce, "Auta, kai da ko a baho ba ka son a jiƙa maka kai?"

Ya tafi ya jawo farin ƙarfe mai kauri. Ya yanka, ya lanƙwasa, ya haɗa baki, ya bi kowace gaɓa da dalma, ya shafe ciki da kwalta. Jirgi ya fito mai faɗin ciki, gajeren baki, in ka hango shi daga nesa ka ce tanki ne aka tsaga biyu. Da ya gama sai ya gwada shi yadda yake gwada kowane aikinsa: ya ɗora shi kan bulo a tsakar gida, ya cika shi da ruwa har baki, ya bar shi kwana da kwanaki. Ƙasan bulo ko danshi. Don ya sami hanyar zubar da ruwan ya huda ƙasan jirgin a tsakiya, ya feƙe matoshi na itace, kai siriri gindi kauri, ya naɗe shi da robar taya, ya doka shi daga ciki. Haka ake yi wa tanki tun duniya na kwance.

Da hantsi aka turo jirgin a amalanke zuwa bakin ruwa, aka shimfiɗa katifa, maƙwabta suka kamo Yaya suka kwantar da ita, kanta a gaba, ƙafafunta wajen tsakiya. Wani masunci yana zaune yana ɗinkin raga. Ya taso ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa gefensa da ɗan yatsa.

"Baba, ka taɓa sa shi a ruwa?"

"Ruwa na sa a cikinsa. Ko ɗigo."

Masunci ya dubi jirgin, ya dubi tsohuwar da ke kwance. Ya ce, "To, ku bi ta hagu da busassun itatuwan can. Akwai kututture a ƙasa." Ya koma kan ragarsa, amma bai ɗauki allurar ba, ya bi su da ido har suka yi nisa.

Da farko kam sai son barka. Jirgin ba ya tangaɗi, ba ya girgiza. Mai Tanki yana zaune a baya da filafili, yana tuƙi yana buɗa kafaɗa.

"Yaya, ina ciwon bayan?"

"Yana nan yana sauraron surutunka."

"Faɗi gaskiya dai. Ko a gadonki ba ki taɓa jin daɗi haka ba."

"Tuƙa, Auta. In mun sauka na yabe ka."

Babu iska ko kaɗan. Ruwan ya kwanta lumui, kore-kore, ba ka ganin abin da ke ƙarƙashinsa ko da taƙi ɗaya. Hayaniyar gari ta yi baya har ta ɓace, ya rage sai ƙarar filafili da wani ɓam, ɓam da ƙasan jirgin yake yi duk lokacin da ya ja, kamar ana taka kwano. Busassun itatuwan suka matso, farare, ba ganye, ba ɓawo, tsaye cikin ruwa har wuya. Wasu baƙaƙen tsuntsaye suna zaune a kansu da fikafikai a buɗe, ba wanda ya tashi, sai juyo kai da suke yi suna bin jirgin da kallo.

Ya bi ta hagu kamar yadda aka ce. Duk da haka wani abu ya goge su daga ƙasa, a hankali, tun daga gaba har tsakiya, ƙiiii, sannan ya sake su.

"Mene ne wannan?"

"Kifi ne yake gaishe ki."

Amma idonsa yana kan matoshin. Ya ɗan karkace. Ruwa yana fitowa ta gefensa siriri, yana bin ƙarfen yana nufar katifa. Mai Tanki ya miƙa ƙafa ya danna shi da diddige, ya ci gaba da tuƙi. In ya ja filafili sai jikinsa ya juya, diddigen ya ɗaga, ruwan ya yi tsartuwa. Ya waiwaya baya: gari ya zama zare. Ya duba gaba: hayin ma zare ne.

"Auta, na ji ka yi shiru."

"Ina tuƙi ne."

"Tun da uwarmu ta haife ka ba ka taɓa aiki bakinka a rufe ba. Kuma zanena ya jiƙe."

Ya ajiye filafili a cinya, ya juya ƙotarsa, ya doka wa matoshin. Matoshin ya shiga, ya dawo. Ya ƙara dokawa da ƙarfi, irin dukan da yake yi wa ƙusa, sai bakin hudar ya lotsa, ruwan ya ƙaru. Ya saki ya zuba ido. Matoshin yana tasowa da kansa, sannu sannu, kamar akwai mai turo shi da yatsa daga ƙasa.

A nan ne ya gane kuskurensa. Duk rayuwarsa ruwa a ciki yake, shi a waje. A tanki nauyin ruwan ne ke danne matoshi, yana ƙara cika yana ƙara kamawa. Yau ruwan yana waje, tafki guda, kuma duk nauyinsa turo itacen nan yake yi ciki.

Ya ɗauki gwangwani ya fara kwashewa. In yana kwasa ba ya tuƙi, in yana tuƙi ruwa na hawa. Katifa ta sha ta yi nauyi, bakin jirgin ya matso kusa da fuskar tafkin har kana iya taɓa ta ba ka miƙa hannu ba. Ya ɗaga murya ya yi kira. Ba kwale-kwale ko ɗaya, rana ta take, masunta duk sun koma inuwa. Muryar ta tafi ba ta dawo ba.

Yaya ta ce, "Faɗa min. Ni ba yarinya ba ce."

"Ta waje ya kamata a sa shi."

"Wajen ina?"

Ya nuna ƙasa da haɓa.

Ta dubi matoshin. Sannan ta ce, "Rabonka da iyo tun kana tsirara a kududdufi, ni ce ma na tsamo ka."

"Abin da jiki ya koya ba ya mantawa. Matso da ƙafarki."

Ya tuɓe riga. Ya kama diddigenta, busasshe kamar itace, ya ajiye kusa da hudar. Ya ce in ya zare, ta danna da duk ƙarfinta, kada ta ɗaga sai ta ji an ƙwanƙwasa daga ƙasa. Ya zare. Ruwa ya yi tsalle ya kai gwiwa kafin ta rufe, ta saki wata ƙara don bayanta, amma ba ta ɗaga ba. Ya cije matoshin a haƙora, ya bi ta baya ya zame cikin tafkin.

Saman ruwan ɗumi ne, ƙasansa kuwa sanyi ya kama shi kamar an sa masa mari. Ya buɗe ido, ba komai sai kore mai duhu. Ya bi cikin jirgin da tafin hannu, ƙarfen da shi ya lanƙwasa, yana lalube. Wani reshe ya shafi cinyarsa ya bi ta har idon sawu. Ƙirjinsa ya fara zafi. Ya sami hudar, ya ji fatar diddigen yayarsa a bakinta, ya ƙwanƙwasa. Ta ɗaga. Ruwa ya ja yatsunsa ciki, ya cusa siririn kan itacen, sai ya ji tafkin da kansa ya karɓe shi ya danna. Ya ƙara masa da dunƙulen hannu, ya yi sama.

Ya fito yana tari yana haƙi, ya kama bakin jirgin ta baya.

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya. Hawo."

Ya yunƙura. Bakin jirgin ya nutsa, ruwa ya kwararo ciki, tsohuwa ta gangaro gefe tana salati. Ya saki da sauri. Ya gwada ta gefe, abin ya fi muni. Jirgi ya riga ya sha ruwa, ba zai ɗauki nauyin mai hawa ba, kuma hannuwan da suka yi shekaru suna ɗaga ƙarfe sun ƙi ɗaga mai su.

Ya ce, "Nan ma wuri ne. Kwashe ruwan, ki ɗauki filafili. Ni ne injinki."

Matar da ba ta iya zama sai an tallafe ta, ita ce ta ja jiki ta jingina da gefen jirgi, tana kwasa tana nishi. Da ta kama filafili jirgin ya dinga juyawa wuri ɗaya kamar akuya a turke. Yana daga baya yana harba ƙafa yana ba da umarni: dama, Yaya, dama, wannan hagu ce, ke da wane hannu kike cin abinci? A haka suka miƙe, tafiyar hawainiya.

Sanyi ya hau shi daga ƙafa. Tun yana jin yatsunsa har ya daina. Ƙarfen bakin jirgi ya yanka masa tafi, yana ganin jinin yana bin ruwa amma ba ya jin zafi. Wani barci mai daɗi ya fara zuwa masa, yana raya masa cewa in ya saki kaɗan ya huta ba abin da zai faru. Umarnin ya ragu, ya koma gurnani, ya ɗauke.

"Auta!"

Kansa ya kife a bakin jirgin.

"Auta, dama ina so in gaya maka, tankin da ka yi min yana zuba."

Ya ɗago kai. "Ƙarya ne."

"Tun ranar da ka kafa shi. Kunya ce ta hana ni faɗa. Yaron nan na bakin kasuwa ya fi ka hannu."

"Wa? Wanda ko dalma bai iya narkarwa ba? Yaya, ki ji tsoron Allah!"

"Kowa ya sani. Tsufa ya ci ka."

Ya dinga zazzaga mata, yana lissafo gidajen da aikinsa yake, yana harba ƙafa don haushi. In ya lafa sai ta sake tsokano shi. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, kada ya ga fuskarta.

Rana ta karkata kafin gwiwarsa ta daki laka. Wasu mata masu wanki suka hango su suka sa ihu, maza suka shigo ruwa da gudu suka ja jirgin. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, sun ƙage kamar ƙugiya. Mijin 'yar ya iso yana salati, ya sunkuya zai ɗauki surukarsa.

Mai Tanki ya dafa laka ya miƙe. Ya faɗi. Ya sake miƙewa, leɓunansa sun yi fari, haƙora na kaɗawa.

"Matsa, yaro. Ni na ɗauko ta, ni zan sauke ta."

Ya juya baya ya durƙusa a bakin jirgin. Mutane suka dubi juna, sannan suka ɗago ta suka ɗora masa. Ya tashi da ita, ya fara hawa gangaren yana taka ƙasa da ƙafafun da ba ya ji. Yana jira ta ce wani abu. Sai ta zagayo da hannuwanta wuyansa ta ƙanƙame.

"Wane gida ne?" ya tambaya.

Aka nuna masa, ya nufa.