Wayar Baba Ta Tsufa

Auta ta canja launin maɓalli daga shuɗi zuwa kore, sai launin ya canja a wuri uku lokaci guda: a kwamfutar da ke kan tebur, a shafin intanet da aka haska a bango, da a wayar da ke hannun shugaban asibiti. Mutumin ya dubi bango, ya sake duban wayarsa, ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa siddabaru.

"Sau ɗaya muke rubuta manhajar, ranka ya daɗe," in ji ta. "Da can aiki uku ake yi, na kwamfuta daban, na intanet daban, na waya daban. Wannan tsarin da muke gini a kansa shi ke ɗaukar rubutu ɗaya ya kai shi ko'ina. Marar lafiya yana kwance a gadonsa zai nemi ranar ganin likita."

"Ke nan babu sauran layi a tagar kati?"

"Ita kanta tagar ai ta gama aiki," in ji Oga, mai kamfanin da Auta ke wa aiki, wanda ba ya barin maganar da za ta jawo ciniki ta wuce shi.

Haka kuwa aka yi. Aka rufe tagar, aka mai da ma'aikaciyarta wani sashe. Ɓangaren kwamfuta da Auta ta gina don ma'aikaciyar ta riƙa taimakon marasa waya, ko buɗe shi ba a yi ba.

A wannan asibitin Baba, mahaifin Auta, yake ganin likita. Tsohon tela ne, yana da ciwon ido irin wanda ke cin gani a ɓoye ba tare da zafi ba. Duk wata sai an auna idon an rubuta masa maganin ɗigawa, kuma likita ya faɗa masa ƙarara cewa abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Auta da kanta ta saka masa manhajar a tsohuwar wayarta da ta bar masa, mai tsagaggen gilashi, ta yi masa bayanin yadda tsarin yake.

"Wato yanka ɗaya, riga uku," in ji Baba. "Injiniya, da mun san wannan dabarar da ba mu ƙare da ciwon baya ba."

Daga ranar duk wanda ya zauna kusa da shi a ƙofar gida sai ya ga wayar, ko yana so ko ba ya so.

* * *

Bayan wasu watanni, masu tsarin da aka gina manhajar a kansa suka fitar da sabon salo. Ya fi sauri, ya fi tsaro, amma ba ya hawa kan tsofaffin wayoyi. Dogo, abokin aikinta, shi ya kawo maganar a taron safe yana taunar biro.

"Su nawa za su faɗi?" Oga ya tambaya.

"Ba su taka kara sun karya ba. Yawanci tsofaffi ne."

"To su shiga ta intanet."

"Shafin ma ba zai buɗe musu ba, Oga. Ai rubutu ɗaya ne."

"Su sayi waya. Ba za mu riƙe manhaja biyu don 'yan tsiraru ba."

Babu mugu a ɗakin. Akwai sanyin na'ura, akwai shayi, kuma kowa yana da aikin da ke jiransa. Layi ɗaya Auta ta gyara, ta ɗaga lambar da ke cewa daga wace waya manhajar za ta fara aiki. Sannan ta zauna ta tsara saƙon da waɗanda aka bari za su gani. Ta ɓata lokaci a kansa, don ba ta son ya yi kaushi: "Muna ba ku haƙuri. Wayarku ta tsufa, manhajar ba za ta ƙara aiki a kanta ba."

Wayar Baba ta faɗo mata a rai, ba za a yi mata ƙarya ba. Ta ce a ƙarshen wata za ta saya masa sabuwa. Ƙarshen wata ya zo da wani sabon aiki, na bayansa ma haka. Idan ta kira gida takan tambaya a gurguje, "Baba, ka ga likita?"

"Komai lafiya, Injiniya. Ke dai ki riƙe aikinki."

Ita kuma amsar ta yi mata daɗi, ba ta taɓa tsayawa ta lura cewa ba abin da ta tambaya aka amsa ba.

* * *

Ranar da ta zo gida da sabuwar waya a kwali, ta tarar da shi zaune a gefen tsohon kekensa na ɗinki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa kwalin ta hagunsa. Bai karɓa ba. Ya ci gaba da yi mata sannu da hanya yana kallon wajen ƙofa, kwalin yana tsaye a iska kusa da kunnensa.

Inna ta yafito ta zuwa kicin.

"Tun da wayar nan ta ƙi, bai ga likita ba," in ji ta, ba ta daina wanke kofi ba. "Ya je asibitin ya fi a ƙirga. Mai gadi ya ce sai da lambar da waya ke bayarwa. Da maganin ya ƙare, sai ya sayo na jan ido a kemis."

"Inna, me ya hana ku kira ni?"

"Sau nawa na ɗauki waya? Ya ce in na kira bai yafe ba. Wai in aka ji aikinki ya samu matsala korarki za a yi, kuma ba shi zai fara kai ƙarar 'yarsa ba."

Auta ta jingina da bango. Kunya ce ta fara kama ta kafin tsoro, kuma ta ji haushin kanta da hakan. Ta ciro wayarta ta nema masa ranar ganin likita. Kafin Inna ta ɗauraye kofi na gaba an ba ta lamba, gobe da safe. Manhajar tana aiki lafiya lau.

* * *

Zauren jira ya yi tsaf. Kujeru a jere, rabinsu babu kowa, babu turereniya, babu hayaniya. An manna takardar talla a kan tsohuwar tagar kati, da hoton wata mata tana yi wa waya murmushi.

Likita ya daɗe yana haska idanun. Da ya gama bai yi faɗa ba, ya dai ce na hagu ya tafi, na dama kuma za a yi ƙoƙarin riƙe ɗan abin da ya rage.

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji Baba, ya laluba ya ɗauki hularsa.

Suka fito tana riƙe da hannunsa. Sai a lokacin ta lura da mutanen da ke zaune a inuwar katanga, wajen ƙofar shiga. Da safe ma suna nan, ta wuce su. Tsofaffi ne, kowa da wayarsa a hannu, wata wayar an ɗaure ta da roba, wata an liƙe bayanta da salatif. Wata tsohuwa mai auduga a ido ɗaya ta taso ta tare ta.

"'Yata, don Allah duba min. Jikana ya ce wani rubutu yake fitowa, ni ban iya karatu ba."

Auta ta karɓi wayar. Ba ta buƙatar dubawa, amma ta duba, ta karanta mata a hankali har ƙarshe.

"Wayarku ta tsufa," tsohuwar ta maimaita. "To, ai mun tsufa tare."

Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryar, ya ɗan kauce mata kaɗan, yana fuskantar katanga. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannun Auta da ke cikin nasa.

"Baiwar Allah, kin yi sa'a," in ji shi. "Kin ga wannan? 'Yata ce. Ita ta haɗa abin nan na cikin wayar gaba ɗaya."

Tsohuwar ta dubi Auta da idonta mai lafiya, ta buɗe tafin hannu a mayar mata da wayarta.